Yadda Za Ka Zaɓi Tayar Da Za Ta Jure Zafin Bauchi Da Ruwan Agusta

A Bauchi babu mai ajiye tayoyin rani daban, na damina daban. Wadda ka ɗaura wa motarka a watan Janairu, ita za ta taka kwaltar Afrilu lokacin da zafi ke kai digiri 40, ita za ta ratsa ruwan Agusta a hanyar Alkaleri, ita kuma za ta faɗa ramukan da damina ta bari. Tayar da ta fi riba ita ce wadda ta iya da waɗannan ukun, kuma kuɗinta ya fi sauƙi idan aka raba shi da tafiyar da za ta yi kafin ta suɗe. Farashin da mai shago zai faɗa maka ɓangare ɗaya ne na lissafin. Sauran yana rubuce a gefen tayar, kuma minti biyar sun isa ka karanta shi kafin ka zaro kuɗi.

Fara daga ƙofar direba

Kafin ka je kasuwa, buɗe ƙofar direba ka duba ginshiƙin da take rufuwa a kai. Akwai 'yar takarda manne a wurin, wasu motocin Turai kuma a cikin murfin tankin mai suke saka ta. Ita ke nuna girman tayar da kamfanin motar ya tsara da yawan iskar da za a ba ta. Kada ka dogara da tayar da ke jikin motar yanzu, domin wanda ya riga ka hawa yana iya ɗaura abin da ya samu a lokacin da aljihunsa ya yi rauni.

Za ka ga rubutu irin wannan: 195/65 R15 91H. Lambar 195 faɗin tayar ne a milimita. Lambar 65 tsayin gefenta ne, wato kashi 65 cikin ɗari na faɗin, kusan milimita 127 ke nan. Lambar 15 girman rim ne a inci. Yawancin masu saye a nan suke tsayawa, su ce a ba su "rim 15", alhali lamba da harafin da ke ƙarshe su ne suka fi shafar rai. Lambar 91 tana nufin kowace taya tana ɗaukar kilo 615. Da 88 ce, kilo 560. 95 kuwa kilo 690. Harafin ƙarshe iyakar gudun da tayar za ta jure ne: T kilomita 190 a awa, H 210, V 240. Ba wanda zai ce maka ka yi wannan gudun a hanyar Jos, amma tayar da aka gina don gudu mai yawa ta fi iya jure zafin da take tarawa a doguwar tafiya. Ka'idar ita ce, kana iya sayen taya mai lambar nauyi da harafin gudu da suka fi na kan takardar, amma kada ka sauka ƙasa da su.

Maganar nauyi ta fi matsa wa mai zuwa gida da sallah ko lokacin kaka. Mutum uku a baya, buhun masara biyu a but, duk a kan tayoyin baya biyu suke sauka, kuma tayoyi biyu masu lamba 91 kilo 1,230 kawai suke ɗauka har da nauyin bayan motar kanta. Wanda ya san haka yake loda ya nemi mai alamar XL, wadda aka ƙarfafa ta don ɗaukar ƙarin kaya. Bas ta haya kuwa, irin Hiace, tayarta mai harafin C ce, kamar 195 R15C. Ɗaura mata tayar ƙaramar mota saboda ta shiga rim ɗin ganganci ne da rayukan fasinja.

Wata shawara da titunanmu suka koyar: tsayin gefen taya shi ne katifar da ke tsakanin rim da bakin rami. Taya 205/55 R16 da 195/65 R15 kusan tsayinsu ɗaya idan an tsayar da su, amma gefen ta farkon milimita 113 ne, na biyun 127. Wannan bambancin yana iya raba taya mai lafiya da wadda ta yi ƙulu bayan rami ɗaya. Idan takardar motarka ta ba da zaɓi biyu, ɗauki mai dogon gefe. Manyan rim masu siririyar taya suna ƙawata mota, sai dai a hanyar da ke da ramuka kuɗinsu ba ya ƙarewa. In za ka canza girma, kada tsayin tayar gaba ɗaya ya bambanta da na asali fiye da kashi 3 cikin ɗari, don kada ta riƙa gogar jikin mota ko agogon gudu ya riƙa yi maka ƙarya.

Tayar kowane yanayi, da wadda aka yi don ƙanƙara

Tayar da aka rubuta wa All Season an tsara ta ne don ƙasashen da ke da lokacin zafi da lokacin sanyi a shekara guda. Iri biyu ne ke shigowa kasuwarmu. Akwai mai alamar M+S kaɗai, irin wadda ke zuwa a jikin motocin Amurka: robarta tana da ɗan ƙarfi, tana daɗewa, ba ta da ƙara, kuma tana aiki sosai a nan. Akwai kuma mai hoton dutse mai kai uku da ɗigon ƙanƙara a tsakiya. Wannan an gwada ta a kan dusar ƙanƙara, robarta ta fi laushi. Za ta yi tafiya, amma ka biya kuɗin wani aiki da ba za ta taɓa yi maka ba, kuma zafi zai fi saurin cinye ta. Tayar da Turawa ke ɗaurawa da bazara, wadda ba ta da ko ɗaya cikin alamomin nan, ita ma ta dace da mu duk shekara, domin ita ce ta fi kama birki a kan kwalta mai zafi, busasshiya ko jiƙaƙƙiya. Sanyin hunturunmu bai kai ya dame ta ba.

Wadda za ka guje wa ita ce tayar hunturu zalla. An haɗa robarta don ta yi laushi a ƙasa da digiri 7. A kan kwaltar Bauchi da tsakar rana sai ta yi lagwaf, motar ta riƙa lilo a kwana, birki ya ƙara tsawo, zanen ya cinye da wuri. Gane ta ba wuya. Kowane haƙorin zanenta cike yake da ƙananan tsagu masu karkace-karkace, ga alamar dutsen nan, sunanta kuma yakan ƙunshi Winter, Snow, Ice ko Alpin. Wasu ma suna da ƙananan ramuka inda ake dasa ƙusoshi. Irin waɗannan sun yi yawa a cikin tayoyin Beljiyam, kuma zanensu mai zurfi ne ke yaudarar mai saye.

A gefen tayoyi da yawa akwai wasu kalmomi uku a jere. Temperature tana nuna juriyar zafi, daga A zuwa C. A ƙasarmu ka nemi A, ka karɓi B idan zirga-zirgarka ta cikin gari ce, ka bar C. Traction tana nuna kamun birki a jiƙaƙƙen titi, AA ce ta fi, sai A, B, C, kuma kada ka sauka ƙasa da A. Treadwear lamba ce ta daɗewa: mai 400 ana sa ran ta ninka mai 200, sai dai kowane kamfani ne ke auna nasa, don haka kwatancin ya fi inganci tsakanin tayoyin kamfani ɗaya. Idan tayar ta zo da takardar Tarayyar Turai manne a kanta, duba hoton taya da girgijen ruwa. Harafin A ko B a nan ya cancanci ƙarin kuɗi.

Ranar haihuwar taya

Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. Iska da zafi suna busar da ita har ta fara tsagewa, mannewar da ke tsakanin roba da wayoyin ciki ta yi rauni. Shi ya sa taya mai cikakken zane take iya fashewa a hanyar Darazo ba tare da ta taka komai ba.

Nemi haruffan DOT a gefen tayar, ka bi layin har ƙarshensa. Lambobi huɗu na ƙarshe, waɗanda galibi suke cikin ɗan zagaye, su ne mako da shekarar da aka ƙera ta. Idan ka ga 1224, mako na 12 ne na shekarar 2024, wajen ƙarshen Maris. Sau da yawa a gefe ɗaya kawai ake buga su, don haka in ba ka gani ba ka juya tayar. In lambobin uku ne, tayar ta riga shekarar 2000, ba abin ɗaurawa ba ce. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, tana ɗaukar cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga ranar ƙira, kuma jami'anta suna duba wannan lambar a hanya. Manyan kamfanonin taya sukan ce a riƙa kai ta wurin gwani kowace shekara bayan ta cika biyar, kada kuma ta wuce goma. Da zafinmu da ramukanmu, ma'aunin hukumar ya fi kusa da gaskiyar abin da ke faruwa a titi.

Abin da wannan ke nufi a shago shi ne, sabuwar taya da ta shekara biyu a sito rabin wa'adinta ya tafi. Ka nemi wadda ba ta wuce shekara ɗaya ba, ka duba kowace ɗaya cikin huɗun, domin akan cakuɗa. Ka shafa lambar da yatsa. Ta gaskiya daga cikin injin ƙira ta fito, tana da santsi, launinta ɗaya da sauran robar. In ka ga alamar kankara, ko ƙona da ƙarfe, ko wani ɗan faci da aka manna a wurin, an taɓa ta. Ka kuma lura da inda mai shago ke ajiye kayansa. Tayar da ke jingine a bakin titi tana shan rana wata da watanni ta fi ta cikin ɗaki saurin tsufa.

Akwai kuma matsalar cushe. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙira a Legas a 2008, kusan duk tayar ƙaramar mota daga waje take zuwa. Wasu masu shigo da kaya sukan cusa taya uku ko huɗu cikin juna don rage kuɗin kwantena da na kwastan, kuma hukumar kula da ingancin kaya, SON, ta sha kama irin wannan. Tayar da aka cusa sabuwa ce a ido, amma wayar bakinta ta lanƙwashe. Tsayar da ita a ƙasa ka duba bakunan biyu: su zama zagaye sosai, tazarar da ke tsakaninsu ɗaya ko'ina. Leƙa ciki ka nemi ƙoƙuwa ko alamar ninki. Wadda aka matse takan ƙi zama daidai a kan rim, ta riƙa sace iska a hankali, sitiyari ya riƙa rawa.

Lissafin Beljiyam

Mutane da yawa suna sayen tayar Beljiyam ne don sun ga zane ya rage kusan rabi, kuɗin kuma bai kai rabin na sabuwa ba. Lissafin bai tsaya haka ba. Sabuwar taya tana zuwa da zane mai zurfin kusan milimita 8, kuma idan ya sauka zuwa 1.6 ta gama aiki. Abin da kake ci ke nan milimita 6.4. Tayar da ta rage milimita 4, abin ci a jikinta 2.4 ne kawai, ɗan sama da kashi ɗaya cikin uku. Idan kuma za ka cire ta a milimita 3, wanda shi ne ya dace da mai tafiya da damina, milimita ɗaya tak ka saya. Ƙara a kan haka ba ka san tarihinta ba: ko an yi tafiya da ita ba iska, ko ta daki dakali, ko an yi mata faci a gefe. Akwai ma masu sa wuƙa su ƙara zurfin zanen suɗaɗɗiyar taya, su shafa mata baƙin mai ta yi sheƙi. Ana gane wannan da rashin daidaiton layukan, da kuma ɓacewar 'yan tudun nan da ke kwance cikin kwaroron zane don nuna iyakar ci. Tsofaffin tayoyin ƙananan motoci suna cikin jerin kayan da gwamnatin tarayya ta hana shigowa da su.

Mun san halin da ake ciki, ba kowa ke iya biyan tayoyi huɗu rana ɗaya ba. Hanyar da ta fi ita ce sabbi biyu yanzu, biyu bayan wata biyu ko uku.

A kan sabbin ma sai an yi lissafi. A ce wata ta naira 60,000 ta yi kilomita 30,000, wato naira 2 kowace kilomita. Wata ta 85,000 ta yi 50,000, naira 1 da kwabo 70 ke nan, kuma ta rage maka zuwa wurin ɗauri sau ɗaya. Amma wannan ya dogara da yawan tafiyarka. Ma'aikacin da ke zirga-zirga tsakanin Yelwa da sakatariya, wanda bai fi kilomita 8,000 yake yi a shekara ba, wa'adi zai riski tayarsa kafin ta suɗe, don haka mai matsakaicin kuɗi ta ishe shi. Mai bin Bauchi zuwa Gombe ko Kano kowane mako shi ne zai ci ribar mai tsada. A saman kasuwa akwai Michelin, Bridgestone, Continental, Goodyear, Pirelli da Dunlop. A tsakiya akwai Hankook da Kumho na Koriya ta Kudu, Yokohama da Toyo na Japan, da Maxxis na Taiwan, kuma a ganinmu a nan ne mai mota ta yau da kullum ya fi samun abin da kuɗinsa ya biya. Tayoyin China irin su Westlake, Triangle, Linglong da Sailun na manyan masana'antu ne, kuma sabuwarsu mai cikakkun alamomi ta fi tsohuwar tayar babban kamfani da ta shekara bakwai. Wadda ba ta da lambar DOT ko sunan ƙasar da aka yi ta, ka bar ta a inda ka gan ta. Ka sa a rubuta maka rasit mai ɗauke da sunan tayar, girmanta da lambar shekararta. Cewa "Alhaji, a sa mini lambar shekarar a rasit" ba rashin yarda ba ne, kuma dillali na gari ba ya jin haushinsa.

Masu Hilux da jif: in yawancin tafiyarka kan kwalta ce, ɗauki mai alamar H/T. A/T ta masu shiga gona da hanyar burji ce, ta fi ƙara, ta fi shan mai.

Ranar ɗauri

Idan biyu ka saya, a baya za a ɗaura su, ko da motar da ƙafafun gaba take ja. Wannan ya saɓa da al'adar da aka saba, amma dalilinsa mai ƙarfi ne. In gaba ya zame a cikin ruwa, direba yana jinsa a sitiyari, ya ɗaga ƙafa motar ta dawo. In baya ne ya zame, motar juyawa take yi, kuma kaɗan ne ke iya ceto ta. Tayoyi biyun da ke layi ɗaya su zama kamfani ɗaya, girma ɗaya, zane ɗaya. Motar da ke ja da ƙafa huɗu kullum ta fi son a canza huɗun tare, don bambancin tsayi yana wahalar da giyarta.

Tsaya a kan aikin. Idan an rubuta Outside a gefe ɗaya, shi zai kalli waje. Idan akwai kibiya da kalmar Rotation, ta nuna gaba a yadda tayar ke juyawa, in aka juya ta baya ba za ta kori ruwa yadda ya kamata ba. A canza bawul tare da kowace sabuwar taya, don kuɗinsa kaɗan ne kuma shi ma roba ne. A goge tsatsar bakin rim, a shafa ruwan sabulu maimakon baƙin mai, wanda ke lalata roba. In da hali a ɗaura da inji, saboda guduma da ƙarfen banƙara suna raunata bakin taya. Daga nan balansin da alaimen, wato daidaita nauyin tayar da saita ƙafafun motar, duka a ranar. Ƙafar da ta karkace tana iya cinye gefe ɗaya na sabuwar taya cikin 'yan watanni, kuma in bushin ko tayarod ya mutu, sai an canza shi kafin alaimen ya zauna. Notuna a ɗaure su a gicciye, a sake gwada su bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100.

Sai iska, wadda ita ce ke kashe tayoyi fiye da komai. Yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 da 35 suke buƙata a gejin psi, wato ma'aunin ƙarfin iska, kuma adadin motarka yana kan takardar ƙofa. Lambar 44 ko 51 da ke gefen taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. Mai faci yakan ba da 45 ko 50 da kyakkyawar niyya, don ya ga tayar ta tsaya cak. Iska mai yawa tana cinye tsakiyar zane, ta rage kamun ƙasa, ta sa rami ya fi yi wa tayar illa. Ƙarancin iska ya fi haɗari: gefen tayar yana ta lanƙwasawa a kowane juyi, zafi ya taru, wayoyi su rabu da roba, sai fashewa. Sayi ƙaramin geji naka ka ajiye a mota, ka faɗa wa mai faci adadin da kake so: "Malam, 32 za ka ba ta." A auna da safe kafin tafiya, aƙalla sau biyu a wata. Iska tana hawa ko sauka da kusan psi ɗaya a kowane digiri 5 zuwa 6, shi ya sa za ka ga ta ragu da sanyin Disamba. In ka tsaya a Ningi ka auna ka ga ta ƙaru da huɗu ko biyar, kada ka rage, zafin tafiya ne, za ta koma daidai idan ta huce.

A riƙa musanya na gaba da na baya kowace kilomita 8,000 zuwa 10,000. Ƙusa a tsakiyar zane tana gyaruwa idan ramin bai wuce milimita 6 ba, kuma gyaran da ke daɗewa shi ne a cire tayar daga rim a yi facin ta ciki. Igiyar da ake turawa daga waje ta kai ka gari ce kawai. Huji a gefe, ko ƙulu, ko wayar da ta leƙo, ba su da gyara, kuma zura tub a cikin irin wannan tayar ba ya mayar da wayoyin da suka tsinke. Safaya ma a duba shekararta da iskarta tare da sauran. In siririyar nan ce ta wucin gadi, psi 60 take sha, kuma ba a wuce kilomita 80 a awa da ita.